Ranar da Injiniya Ya Sassauta Kansa

A wani gidan haya mai hawa huɗu an yi wani mai gyaran famfo da ake kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta shi da jan fenti a jikin akwatin kayan aikinsa. Shekara ashirin da bakwai duk wani bututu da ke gidan a hannunsa yake, tun daga injin da ke tura ruwa a ƙasa har tankin da ke kan rufi. A bakin wannan aiki ne kwamitin 'yan haya ya bar masa ɗaki biyu a hawan ƙasa, shi da matarsa, Maman Biyu. Ranar da aikin ya bar hannunsa, ɗakunan ma sun bar shi. Kowa ya san haka, shi ma ya sani, sai dai bai taɓa kawo wa ransa ranar za ta zo ba.

"Ruwa ya san muryata," in ji shi ga duk wanda ya tsaya saurare. "In na ce masa hau, ya hau. In na ce tsaya, ko ɗigo."

Ruwa ɗaya ne bai san muryar ba, shi ne nasa na jiki. Tun da ya haura sittin fitsari ya fara yi masa gardama. Sai ya matse shi ya ruga banɗaki, in ya je kuma ya tsaya ya yi ta jira kamar mai jiran mota a tasha. Can sai ɗis, ɗis. Kafin ya gama wanke hannu ya ji kamar bai yi komai ba. Daga ɗakinsa zuwa rufi kuwa matakala sittin da huɗu ce. Ya hau yana haki, ya ɗora sifana a kan noti, sai kira ya zo daga ƙasa, ya ajiye ya sauko. Haka aka yi sati uku hawa na huɗu babu ruwa.

A hawa na huɗun nan Hajiya ta Sama take, tsohuwar shugabar makaranta, ita ce kuma shugabar kwamiti. Ran Talata ta sauko da bokiti ba komai a ciki, ta dire shi a ƙofar Injiniya.

"Malam Injiniya, ka san wannan?"

"Bokiti ne, Hajiya."

"Madalla. Sati uku ina hawa da shi cike, ina saukowa da shi wayam, da gwiwar nan tawa. Ina aka kwana?"

"Saura kaɗan."

"Tun satin farko ma saura kaɗan ne. To, ka ji. Asabar ƙarfe goma kwamiti zai hau rufi. In ruwa bai zo famfona a gabanmu ba, kamfani za mu ba aikin. Suna da farar mota, suna da na'ura, kuma ba sa sauka kowane minti ashirin su ce sun manta waya."

Ta ɗauki bokitinta ta juya. Maman Biyu tana bayan labule, ta ji komai. Washegari da safe ta ɗauko masa rigar fita, ta goge, ta shimfiɗa a kan gado.

"Ina za mu?"

"Asibiti, Baban Biyu. Ko mu je yau da ƙafarmu, ko mu fara neman kwalayen ɗaure kaya."

Likitar matashiya ce mai tabarau, ba ta kai 'yan biyunsa shekaru ba. Ta duba takarda, ta ɗago.

"Baba, yaya bawalin yake?"

"Bawul? Wanne daga ciki? Akwai goma sha tara a gidanmu, duk ni na ɗaura su."

"Fitsari take nufi," in ji Maman Biyu.

"To ai sai ta faɗa."

Aka yi masa tambayoyi, aka ɗebi jini, aka kuma yi masa wani gwaji a bayan labule wanda har yau bai ba kowa labarinsa ba. Da ya dawo ya zauna a gefen kujera, likita ta jawo takarda ta yi zane. Ga mafitsara kamar tanki, ga hanyar fitsari ta sauko daga gindinta, ga wani ƙululu ya zagaye hanyar kamar zobe.

"Wannan shi ake kira furostet. Kowane namiji yana da shi. In shekaru suka ja yakan girma, sai ya matse hanyar. Naka girma ne kawai, ba mu ga wani abin tsoro ba."

Injiniya ya karɓi takardar, ya juya ta, ya gyaɗa kai kamar mai duba aikin almajirin sana'a.

"Wato noti ne ya ɗaure da yawa."

"Kusan haka. Maganin da zan ba ka yana sassauta naman wurin, hanya ta buɗe. Kafso ɗaya a rana, bayan abincin yamma. Ɗaya, Baba. Yakan sa jiri, musamman kwanakin farko, saboda haka in za ka tashi ka tashi a hankali. Kada ka hau tsani wannan satin. Ka rage shayi. Talatin ne, in sun ƙare ka dawo."

"Wata guda?"

"Wata guda mu gani. Wataƙila ka ci gaba da sha."

Injiniya ya yi murmushi irin na wanda ya gano wani abu. Abin da ya ji ya riƙe a duk bayanin kalma ɗaya ce: sassauta.

Maman Biyu ta karɓi kwalin. Falle uku ne a ciki, kowanne goma. Ta ɗora shi a kan kabad, da yamma ta ɓallo ɗaya daga fallen sama, ta tsaya har ya haɗiye.

Ran Alhamis da hantsi ya je shagon Tela da ke ƙarƙashin matakala. Shekara ashirin suna zama benci ɗaya, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"An ce jiya an kai ka gareji," in ji Tela, allura a baki.

"Ziyarar aiki na kai. Na duba tsarinsu. Kai dai ka fito mini da hulata, sati uku ke nan."

"Ni me zan yi da hular da maiƙo ya cinye? Ya jikin?"

Injiniya ya duba hagu da dama, ya matso.

"Yau da safe ya ɗan zo. Ba da yawa ba, amma na ji bambanci. Ka san me wannan ke nufi?"

"Magani ya fara aiki."

"Kai dai ɗinki ka sani. Yarinyar nan da bakinta ta ce maganin sassautawa yake. Ni kuwa shekara arba'in ina sassauta abu. Kafso ɗaya juyin sifana ɗaya ne. Ka taɓa ganin notin da ya buɗe da juyi ɗaya? Sai huɗu. To me ya sa ta ce ɗaya a rana har wata guda?"

"Don ita ta yi karatun."

"Don a yi ta komawa. Aikin yini a mai da shi na wata. Ni za a nuna wa wannan? Ni da na yi kwana goma sha ɗaya ina canza wa matar ɗaki mai lamba shida robar famfo guda ɗaya?"

Tela ya cire allurar daga baki.

"Ashe roba ɗaya ce? Ka ce mata daga waje aka yo odar ta."

"Bar wannan. Abin da nake gaya maka, gobe zan yi gwaji da juyi biyu. Asabar huɗu. Kuma duk bututun da aka sassauta sai an kora shi da ruwa mai yawa, wannan ko ɗan koyo ya sani. In hau rufi sau ɗaya, in gama aiki, in sauko sau ɗaya. Sai farar motar ta zo ta koma da na'urarta."

"Maman Biyu ta san da wannan lissafin?"

"Ita fallen sama take ƙirgawa."

Juma'a da safe, tana wanke-wanke, ya miƙa hannu kan kabad ya zaro fallen ƙasa, ya ɓalli biyu. Ya kora da kofi uku na shayi da jug guda na ruwa. Sannan ya je ya zauna a bencin Tela yana jiran sakamako, yana ba wani mai kawo ɗinki labarin yadda ya taɓa tura ruwa hawa tara ba inji.

Wajen sha ɗaya Hajiya ta Sama ta sauko karɓar rigarta, wadda Tela ya sanya wa gunkin gwajin kaya a bakin ƙofa. Injiniya ya zabura ya miƙe zai gaishe ta, don ta ga ƙarfinsa. Sai ƙasa ta zame ta yi hagu, rufi ya yi dama, hasken rana ya koma toka-toka. Ya miƙa hannu ya kama abin da ya fi kusa. Da idonsa ya washe sai ya ga kansa a durƙushe, ya rungume gunkin ta ƙugu, fuskarsa cikin rigar Hajiya.

Tela ya tsayar da keken ɗinki.

"Malam Injiniya," in ji Hajiya, "in roƙo ne, ni ga ni nan. Wannan ba ta cikin kwamiti."

Da wani ne, da ya faɗi gaskiya. Injiniya kuwa ya saki gunkin, ya kafa tafin hannu a ƙasa, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashin siminti.

"Ba ku ji ba?"

"Me?"

"Ginin nan ya motsa. Ya karkata hagu. Dama na yi zargi. Shi ya sa ruwa ya ƙi hawa na huɗu, Hajiya. Ruwa ba ya hawa karkataccen gini, ba ya yarda."

"Ni ban ji komai ba," in ji Tela.

"Kai da kullum ƙafarka na kan keke? Ko girgizar ƙasa aka yi sai an aiko maka da takarda."

Ya sa aka ɗauko masa ma'aunin magina, wannan mai ɗigon iska a cikin 'yar kwalba. Ya ɗora shi a kan tafin hannunsa, hannun na rawa, ɗigon ya gudu gefe. Ya nuna wa kowa. Kafin azahar labari ya hau matakala sittin da huɗu ya sauko. Matar lamba shida ta ce ai ita ƙofar kicin ɗinta ta daɗe tana rufe kanta. Direban da ke hawa na uku ya ce shi ma in ya ajiye lemo a tebur gangarawa yake, kullum hagu. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya ce tun bara yake jin gadonsa na jan sa bango, bai dai so ya tayar wa mutane da hankali ba. Da yamma wasu suka fara ɗaure kwanuka a zani, matar lamba shida ta kwashe yaranta ta kai gidan yayarta.

Maman Biyu ta tare shi a ɗaki.

"Baban Biyu, likita ta ce maganin yana sa jiri."

"Jiri a ka yake. Wannan a ƙafa na ji shi."

Ta dube shi, ta ɗauko kwalin, ta ƙirga fallen sama. Biyu sun fita, daidai. Ta ɓallo na uku ta miƙa masa, ya haɗiye yana kallon silin.

Sai ga saƙo daga Hajiya: tunda abin ya kai ga gini, ta ce wa mutumin kamfani ya zo gobe ya tsaya tare da kwamiti.

"Ya zo," in ji Injiniya. "Ya zo da biro, ya ƙaru."

Asabar ƙarfe tara ya ɓalli huɗu daga fallen ƙasa. Ya ƙirga su a tafin hannu yadda yake ƙirga juyi, ya watsa a baki, ya bi su da buta guda ta shayi da jug biyu na ruwa. Ya shiga banɗaki ya fito yana fara'a, ya ce wa kansa hanya ta buɗe. Ya ɗauki akwati. A hawa na biyu ya tsaya ya dafa bango, wai yana duba tsagewa. A na uku ya zauna a kan akwatin, wai yana sauraron bututu. Ya isa rufi gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Kusan duk gidan yana can. Hajiya ta Sama ta saka sabuwar rigar, da littafin kwamiti a hammata. Ga Tela, ga direba, ga matar lamba shida, ga tsohon gidan waya ya tsaya can dama don ya daidaita nauyi. Mutumin kamfani, wani dogo marar yawan magana, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Na auna ginin tun ɗazu, ni dai ban ga..."

"Na'ura ba ta gani, yaro. Ƙafa ke gani. Ka tsaya daga baya ka kalla."

Tankin yana kan ƙafafun ƙarfe, babban bututu ya fito daga gindinsa, an haɗa shi da wani ƙaton noti, daga nan ya rabu huɗu, kowane hawa da nasa. Injiniya ya tsugunna a gaban notin, ya ji daɗin tsugunon, domin duniya ta daina lilo. Ya ɗora sifana.

"Abin da ya faru, jama'a, da gini ya karkata sai iska ta taru a nan ta tsare hanya. Zan sassauta mata ta fita. Ku lura da hannuna. Ɗaya."

"Baba, ba za a fara rufe bawul ɗin sama ba?" in ji mutumin kamfani.

"A makarantarku haka ake yi. Biyu."

Notin ya fara gumi. Ɗigo ya taru ya faɗo a kan wani tsohon gwangwanin fenti. Ɗis. Ɗis.

"Uku."

Ɗigon ya zama siririn zare, yana zuba cikin gwangwanin da wata 'yar ƙara da Injiniya ya yi shekara biyu yana marmarin ji daga wani wuri dabam. Nan take butar shayi da jug biyu suka amsa. Ba irin kiran da ya saba ba ne, mai ba mutum lokaci ya nemi uzuri. Wannan ya zo da kayansa gaba ɗaya. Ya tuna matakala sittin da huɗu. Ya zabura ya miƙe tsaye.

Rufin ya tashi ya juya. Tanki ya koma ƙasa, Hajiya ta koma sama, gari duka ya kwanta a gefe ɗaya.

"Ya tafi," in ji Injiniya da wata siririyar murya. "Ku kwanta. Gini ya tafi."

Matar lamba shida ta zube tana salati. Direba ya rungume sandar eriya. Tsohon gidan waya ya kwanta rub da ciki yana cewa dama ya faɗa. Hajiya ta Sama kanta, wadda ba a taɓa ganin ta gudu ba, ta durƙusa ta rufe kai da littafin kwamiti. Injiniya kuwa ya tafi zai faɗi. Yana sulalewa ya cafki sifanar da ke maƙale a jikin notin, ya rataya nauyinsa duka a kanta. Juyi na huɗu ke nan.

Notin ya fita ya yi tsalle. Ruwa mai kaurin cinya ya feso, ya fara da Injiniya, ya wuce kan kwamiti.

Da ya farfaɗo yana kwance a cikin ruwa, an ɗora ƙafafunsa a kan akwatin kayan aiki. Mutumin kamfani ya riga ya hau ya rufe bawul ɗin sama, yana mai da notin. Jama'a sun miƙe suna matse tufafi, suna duban ginin da ke tsaye ƙyam yadda magina suka bar shi. Tela yana yi masa fifita da kwali, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Ka gode wa tankin nan, mutumina. Ya jiƙa kowa, ya rufa maka asiri. Ni kaɗai na ga wanda ya riga wani."

"Rufe mini baki," in ji Injiniya.

Sai ga Maman Biyu a bakin matakala tana haki, da falle a hannu. Ta ɗaga shi sama, rana ta ratso ta ramuka shida.

"Shida, Baban Biyu. Likita ta ce ɗaya, ka sha shida a ɓoye, ban da nawa. Jama'a, ba gini ba ne ya karkata. Maganin fitsari ya sha fiye da ƙa'ida."

"Maganin me?" in ji matar lamba shida.

"Na hanyar ruwa," in ji Injiniya daga ƙasa. "Magana ce ta sana'a."

"Na kai yarana har wata unguwa saboda fitsarinka?"

Mutumin kamfani ya yi gyaran murya daga bayan tanki.

"Hajiya, ku zo ku gani. Wannan jan bawul ɗin shi ne na hawa na huɗu. A rufe yake. Ga kuma hula an rataye a kansa."

Ya ɗago ta da yatsa biyu, baƙa ƙirin da maiƙo. Babu wanda bai san ta ba. Al'adar Injiniya ce, in ya rufe bawul sai ya rataya hularsa a kai don kada ya manta. Sati uku da suka wuce ya rufe shi zai canza wa Hajiya kan famfo, kira ya zo, ya sauka da gudu, ya manta da bawul ɗin, ya manta da hular, ya dawo ya shiga neman matsala a wasu wurare.

"Ga ɓarawon hularka," in ji Tela.

Mutumin kamfani ya murɗa jan bawul ɗin da hannu ɗaya. Daga ƙarƙashin ƙafafunsu aka ji famfon Hajiya ya yi tari sau biyu, sannan ya saki. Hajiya ta dubi littafin kwamiti da ke ɗigar da tawada a kan sabuwar rigarta, ta dubi Injiniya.

"A sauke shi a kai shi asibiti. Sauran magana sai ya iya tsayuwa."

A kan kujerar roba aka sauko da shi, direba a gaba, mutumin kamfani a baya. Kowane hawa mutane sun tsaya a ƙofa kusa da ƙullin kayansu suna kallo. Yana wucewa yana ba masu ɗaukarsa umarni, su karkata dama, su kula da kwana. A farar motar kamfanin aka kai shi.

Likita ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta cire tabarau.

"Baba, maganin nan ba wuri ɗaya yake sassautawa ba. Har hanyoyin jini yake saki. Ka sassauta gidan gaba ɗaya, ƙarfi ya faɗi, jini ya kasa kai wa hawa na sama. Da a kan tsani kake, ko a bakin rufi, da ba wannan hirar muke yi ba."

Wannan karon Injiniya bai karɓi takarda ba. Ya dubi Maman Biyu, ya ga idonta ya yi ja, ya sunkuyar da kai. Aka rataya masa ƙarin ruwa. Da leda ta kai rabi sai ya ce wa ma'aikaciyar jinya da za ta ɗaga sandar taƙi ɗaya da ya fi gudu. Ba ta ɗaga ba.

Kwana biyu ya yi. Kafin ya dawo kwamiti ya zauna, ya ba kamfani aikin, ba wanda ya ɗaga hannu ya ƙi. Aka ba su wata guda su tashi. Maman Biyu ta samo kwalaye daga kanti, ta fara da kwanukan da ba a amfani da su. Injiniya ya zauna a bakin gado, ko shagon Tela bai leƙa ba.

Ran Alhamis mutumin kamfani ya yi sallama, rigarsa jiƙe, da wata babbar takarda duk ya soke zanen da ke kanta.

"Baba, don Allah. In na rufe lamba uku, sai lamba tara ta ɗauke. In na buɗe lamba tara, sai banɗakin Tela ya cika. Akwai wani bututu da ya shiga bango a hawa na biyu, na'ura ta bi shi har ta rasa shi. Ina ya tafi?"

Injiniya ya gyara zama. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wane bango? Na gabas ko mai taga?"

"Mai taga."

"Wannan ba ya zuwa ko'ina. Na ajiye shi ne saboda gaba."

Mutumin ya hau wurin Hajiya ya gaya mata gaskiya, kamfani ba zai sa hannu a kan gidan nan ba sai tsohon yana kusa, domin taswirar a kansa kaɗai take. Kwamiti ya sake zama. Aka bar musu ɗakunan, da sharuɗɗa uku da Hajiya ta rubuta da hannunta a sabon littafi. Ba zai taka ko matakala ɗaya ba. Ba zai taɓa sifana ba. Magani kuma a jakar Maman Biyu zai zauna, jakar a kafaɗarta.

Bayan sati biyu, da la'asar, yana zaune a bencin Tela da sabuwar hula, tsohon gidan waya da direba suka raɓo suka zauna. Aka yi hirar zafi, aka yi ta mota. Can tsohon ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Injiniya, wannan maganin naka. Wani abokina ne ke tambaya. Yana aiki kuwa?"

"Awa uku ke nan ina zaune a nan. Ka ga na tashi?"

"Nawa ake sha?" in ji direba. "Shi ma abokin nawa zai so ya ji."

"Ku ce wa abokan naku su je a duba su tukuna, akwai gwaji na bayan labule, kowa ya je ya ga nasa. Amma ɗaya ake sha. Ɗaya tak, bayan abincin yamma."

"Ai haka likita ta ce tun ran farko," in ji Tela.

Injiniya ya juyo ya dube shi da tausayi.

"Ita a littafi ta gani. Ni na gwada biyu, na gwada huɗu, a gaban shaidu. In ba don ni ba, wa zai tabbatar mata?"